Rigar da Baba Ya Buga

Ɗiyana, hoton nan da ke rataye ɗakin baƙi, wanda kuke tsayawa gabanshi kuna dariya wai wuyana ya yi kama da na zalɓe, ina so in gyara muku labarinshi tun ina da sauran haƙoran magana. Gwaggonku Rabi ta daɗe tana gaya muku cewa farar rigar da ke jikina cikin hoton kakanku ne ya gyara mani ita da hannunshi, na sa ta na tahi Maraɗi, aka gan ni ina ƙyalli aka ba ni aiki nan take. Rabi mutuniyar kirki ce, tana son kowane labari shi ƙare da zaƙi, kamar yadda take shan furarta. Amma ba haka aka yi ba. Rigar cikin hoton aro ce. Wadda kakanku ya gyara, ko sau ɗaya ban sa ta ba. Maganar da na gaya mishi ranar da ya miƙo mani ita kuwa, shekara tara na yi ina yawo da ita cikin kamyo, babbar motar kaya, daga Agadas har bakin teku, ban samu inda zan sauke ta ba.

Kakanku Mamman mabugi ne. Ku ƴan yanzu in an ce bugu sai ku ɗauka faɗa ake nufi, to bari in kwatanta muku. Bayan gidanmu na Madarumfa, gefen da ke kallon tabki, akwai rumfa, ƙarƙashinta gungumen kirya kwance, rabinshi binne cikin ƙasa, bayanshi sumul kamar goshin jinjiri. Sai a kawo riga daga marina, a ninke ta, a fesa mata ruwa da baki, a barbaɗa shuni da ɗan ƙaro, mutum biyu su zauna suna fuskantar juna kowa da kulkinshi. Wanga shi sauke, wancan shi ɗaga, haka har rigar ta ɗauki ƙyalli irin na bayan hankaka cikin rana. Aikin mutum biyu ne. Mutum ɗaya na iya yin shi, amma sautin sai shi fito kamar tafiyar mai ɗingishi. Tun da hannuna ya iya ɗaukar kulki ni ke zama gaban Baba, in na taso daga lakwal, makarantar boko, daga baya kuma yini sukutum. Sautin namu na bin bayan ruwa shi tahi nesa. Masunta da ke kwance bisa gorunansu tsakiyar tabki suna cewa da shi suke gane hantsi ya yi, in ya tsaya kuma su san azahar ce. Har yau in na rufe ido da rana ina jin shi, tare da kukan kirinjijiya da warin baba da ke tasowa daga marina.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin in ci gaba: ni ne ɗan fari. Kun san kunyar ɗan fari, kun gan ta a wurina. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. Bai yaba mani gaban mutane, bai dafa kaina, in na yi ciwo sai shi tambayi Rabi, “Wanga da ke kwance, ya ci wani abu?” Sunana a bakinshi shi ne “kai”. Duk hirar da ke tsakaninmu bisa gungumen nan muke yin ta. In ranshi na da daɗi sai shi ƙara sauri shi ga ko zan kamo shi, in na kamo shi sai in ga gefen gemunshi ya motsa. Wannan motsin gemu shi ne yabon da na tashi da shi, kuma ya ishe ni, har sai da na fara shiga Maraɗi.

Lokacin ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, gujiya na da daraja, birni na kumbura kamar ƙullun waina. A Madarumfa in ka hango mutum daga nesa tufafinshi sun riga sun gaya maka ko wane ne. Mai walki manomi ne ko maƙeri. Mai riga saƙi magidanci ne. Mai kore, baƙar rigar nan mai ƙyalli da ke barin shuni a wuya da goshi, dattijo ne mai abin hannu, kuma shunin da ta shafa mishi ba datti ba ne, ado ne, da gangan shike barin shi. Amma a Maraɗi sai na tarar lissafin ya rikice. Ka ga ɗan maƙeri da wandon fantalo da rigar shamis da alƙalami soke a aljihu, dattijo mai kore na tsaye gabanshi shina jiran a sa mishi hannu a takarda. Ka ga ƴan mata da atamfa an ɗinka musu riga mai hannu, suna tafiya kamar ba su taɓa ɗaukar tulu ba. Alhazan gujiya da manyan riguna na yadin kanti, farare fes, waɗanda ba su taɓa ganin marina ba. Ga ma'aikata da karabat ɗaure a wuya cikin zafin bazara, suna gumi suna murmushi. Riga ta daina faɗin gidan da ka fito, ta koma faɗin inda za ka. Ni kuwa ina da shekara ashirin, hannuwana shuɗi har gwiwar hannu, in na shiga kanti sai in ɓoye su bayana.

Wanda ya fara yi mani dariyar hannuwan nan shi ne Yohanna, wanda kuke ce ma Tonton Yohanna. Tela ne, ya koyi keken ɗinki wurin ƴan mishan, shina da ƴar rumfa kusa da kasuwa. Nakan kai mishi saƙon rigunan da aka buga a miƙa ma masu su, in zauna in ƙura ma kekenshi ido. Shi ya gaya mani wani kamfanin kamyo na neman samari masu karanta Faransanci, su riƙa raka kaya suna riƙe takardu.

“Isuhu, ka je,” in ji shi. “Amma ba da taguwar nan ba. Shef ɗin biro, shugaban ofishin nan, ba ya duban fuska, wuyan riga shike dubawa. In wuyan na tsaye, kai ma kana tsaye.”

“To hannuwan fa?”

“Ka sa su aljihu. Don mi kake tsammani aka yi ma fantalo aljihu?”

Ya ɗinka mani farar shamis mai dogon hannu, da wuya mai ƙarfi da aka sa ma wani abu ciki don shi tsaya, da maɓallai shida masu sheƙi kamar idon kifi. Aka ce in zo biro ranar Juma'a da safe. Ranar Alhamis na ɗauko ta na ƙulle cikin tsumma, na ɗaure bayan keken da na ara, na kawo ta gida, don kawai Inna da Rabi su gani. Kafin in iso ta yamutse kamar ganyen da aka murza. Duk gidanmu babu ƙarfen guga, mi za mu yi da shi? Na rataye ta bisa igiya tsakar gida. Inna ta bar dakanta ta zo ta tsaya nesa kaɗan, ba ta taɓa ba.

“Ita ke nan?” ta ce. “Yadin ne ya ƙare musu?”

“Haka ake yin ta, Inna.”

“To iska ta ina take shiga?”

Rabi ta ce, “Yaya ba ya buƙatar iska, ya zama Nasara.”

Na ce musu gobe da asuba zan biya wurin Yohanna shi goge mani ita. Baba na zaure shina jin mu. Ya san maganar aikin, don na aika kawuna ya gaya mishi, kuma amsar da ya bayar ita ce, “Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri.” Bai ce kada in tahi ba. Bai kuma tambayi wanda zai zauna gabanshi ba.

Bayan la'asar na ɗauki sabulu na nufi tabki, da niyyar in wanke shekara bakwai na shuni daga hannuwana. Ruwa ya cika a shekarar, ya shiga har ƙarƙashin itatuwa, gawo da kuka na tsaye cikin ruwa kamar mutanen da suka fito wanka suka manta abin da ya kawo su. Na dirje hannu da yashi har ya yi zafi, shunin ya ƙi fita. Sai na haƙura na kwanta rigingine bisa ruwa, kunnuwana a nutse, ina kallon balbelu suna wucewa. Na ga kaina cikin farar shamis gaban kamyo, iska na kaɗa ta, garuruwan da na sani a taswirar lakwal suna fitowa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ni. Na ga ina sauka Yamai, wani na ce mani Mushe, kamar yadda ake kiran Nasara da manyan ma'aikata. Cikin wannan mafarkin ido biyu na ji bugu na zuwa ta cikin ruwa, can ƙasa-ƙasa. Hannu ɗaya ne, kuma a hankali, ba irin bugun kore ba, kamar mai lallashin jinjiri shi yi barci. Na ce a raina, Baba ya fara koyon yi shi kaɗai. Har tausayinshi na ji, irin tausayin da mai tafiya ke ji, wanda bai hana shi tafiyar.

Rana na shirin faɗuwa na komo gida. Igiya babu komi. Baba na zaune bisa tabarma tsakar gida, wurin da ba ya zama, ya wanke hannu ya sa hula. Inna na bakin ɗakinta da allura soke a ɗan kwali. Gaban Baba ga wani abu ninke a faifai, kusurwa huɗu daidai, shina ɗaukar ido. Ya turo mani faifan da yatsa biyu, shina kallon wani wuri dabam.

“Kai,” ya ce. “Ba sai ka biya wurin kowa da asuba ba.”

Na ɗaga ta. Ɗiyana, ban taɓa ganin yadi ya yi kyau kamar haka ba, yau na faɗa, ranar ban gani ba. Ta yi santsi kamar an zuba mata ruwa ya daskare. Amma ba fara ba ce kuma, ta koma launin sama da sassafe, don ya sa mata shuni ɗan kaɗan kamar yadda shike sa ma fararen rigunan manya. Wuyan da Yohanna ya sha wahala ya tsayar, ya kwanta shame-shame. Maɓallai shida babu ko ɗaya. A gurbinsu an yi ƙulle-ƙullen zare, irin na wuyan taguwa, ƙanana, a jere.

Baba ya fara bayani, shi da ba ya bayani. “Fari in bai sha shuni kaɗan ba, ba ya da ido. Wuyan kuma telan ya yi kuskure, ya bar shi a miƙe, da ƙyar na kwantar da shi. Ƴan duwatsun nan na gaba, na ninke su ciki, ashe ba su da ƙwari. Ita ta yi maka waɗansu.”

Inna ta ce ma bango, “Waɗannan ba su fashewa.”

Da na yi shiru, da ya wadatar. Da na yi dariya, da har yau muna ba da labarin muna dariya. Amma sai na ga kamyon nan na tafiya ba ni ciki, na ga shef na duban wuyan rigar. Sai bakina ya buɗe.

“Baba, wa ya ce ka taɓa? Wagga ba irin kayanku ba ce. Ba kowane abu ake ɗorawa bisa gungume a yi ta duka kamar ƙauye ba. Abin da ba ku sani ba ku riƙa bari.”

Rabi da ke tankaɗe ta tsaya da rariya a hannu. Ban taɓa ce ma Baba “ku” da irin wannan murya ba, na haɗa shi da Inna da gungumen da garin duka na ture gefe guda. Ya dubi tafin hannunshi. Sannan ya miƙe, ya gyara hula, don an fara kiran magariba.

“To,” ya ce. “Allah shi ba da sa'a, Mushe.”

Da asuba na fita na bar rigar cikin faifanta. Yohanna na jin labari ya yi dariya har ya dafa keken ɗinki, sai da ya dubi fuskata ya daina. Ya shiga ɗaki ya ɗauko shamis ɗin da shike zuwa majami'a da ita ran Lahadi, ya goge, ya sa mani, ya ɗaure mani maɓallin wuya da kanshi. Ta fi ni faɗi, shi ya sa kuke ganin wuyan zalɓe. Shina ɗaurewa shina cewa, “Ni da tsohona zai yi mani aiki da hannunshi bisa riga, ko buhu ce sai na sa ta.” Na yi kamar ban ji ba. Na je biro, hannuwana cikin aljihu. Shef ya ba ni takarda na karanta, ya ce in zo Litinin. Ko wuyan rigar bai duba ba, kanshi na sunkuye tun da na shiga har na fita. Daga nan na wuce wurin mai hoto, tun ban mayar da kayan aro ba.

Haka na shiga duniya. Na kwana Damagaram, na sha shayi Agadas wurin mutanen da shuni ke zuba daga rawunansu suna alfahari da shi, na ga teku a Kotonu na ce ashe tabkinmu ɗan ƙaraminshi ne. Shunin hannuna ya fita cikin wata uku, ban ma lura da ranar da ya tahi ba. Na sa duk abin da zamani ya sa. Akwai shekarar da muka matse cikin wando kamar an zuba mu ciki, sai kuma aka wayi gari ƙafar wando ta buɗe, muna share titin Maraɗi kyauta, da riga mai furanni da takalmi mai tudu. Akwai hoton wannan ma, amma uwarku ta ɓoye shi don mutuncin gidan. Ina zuwa gida duk salla, in durƙusa in gaida Baba, shi amsa da kyau, shi tambayi hanya, shi tambayi aiki.

“Mushe an iso? A kawo ma Mushe kujera.”

Kujera, a gidan da na tashi bisa tabarma. Ba da faɗa shike faɗi ba, ba da gatse ba, da ladabi, irin wanda ake yi ma baƙo. In na nufi rumfar bugu sai shi ce, “A'a, kada ka ɓata kayanka.” Ya ɗauki wani mutumin Gabi su yi aiki tare, damina na zuwa mutumin ya koma gona, daga can ya wuce Najeriya. Sai Baba ya ci gaba shi kaɗai. Kuma don ku san iyakar wayon ubanku: da na rasa yadda zan ba shi haƙuri, sai na sayo mishi tsaraba daga Kano. Ƙarfen guga na gawayi, mai ɗan zakara a bisa. Wai ko shi ma ya bi zamani, tunda masu kawo bugu sun ragu. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya shi, ya ce, “Madalla. Shina da nauyi.” Sallar da ta biyo na tarar Inna na tokare ƙofar akurkin kaji da shi.

Sai shekarun fari suka zo. Ba zan daɗe a kansu ba. Tabki ya ja baya har kana tafiya da ƙafa inda na taɓa kwanciya bisa ruwa. A kasuwar Maraɗi na ga korayen dattawa shimfiɗe a ƙasa ana sayarwa, rigunan da na gane ninkinsu, waɗansu da hannuna a jikinsu, masu su na tsaye gefe cikin gwanjon Turai, wani da kwat ɗin mata bai sani ba. Ba mai rina riga balle shi kawo bugu. Ina aika hatsi gida cikin kamyo, Baba na aiko godiya ta bakin direba. Rabi ta ce mani duk da haka kowace safiya sai ya share rumfar, ya shafa ma kulake biyu man gujiya. Na ce, biyu? Ta ce, “Biyu mana, Yaya. Da nawa ne?”

Abin mamaki, da ruwa ya dawo sai zamani ya juyo da kanshi. Manyan ma'aikatan da suka koya muna karabat suka fara fitowa taro da manyan riguna na shadda. Wanda ya daɗe shina ɓoye cewa kakanshi masaƙi ne, sai ka ji shina faɗi a biro. A shekarar aka haifi babbanku, aka sa ranar suna, aka kuma ce sunan Baba za a sa mishi. Na sayi shadda fara, Yohanna ya ɗinka mani babbar riga, aka yi mata aiki a wuya. Na ce shi goge mani.

“Guga na kashe shadda,” ya ce. “Bugu take so. Duk alhazan garin nan layi suke wurin mabuga.”

“To wa ka sani mai kyau?”

Ya cire tabarau ya dube ni. “Isuhu, shekara tara ina jiran ka yi mani tambayar wauta irin wagga. Tashi ka ba ni wuri.”

Na isa Madarumfa da hantsi, ana jibi suna. Tabki ya cika kamar bai taɓa yin fushi ba. Na sa tsohuwar taguwa, na ratsa ta bayan gida ban shiga zaure ba. Baba na zaune cikin rumfa, ba aiki gabanshi, shina kallon ruwa. Ya rame, kafaɗarshi ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye ƙunshin bisa gungume, na kwance. Duk maganar da na shirya tun daga Maraɗi ta gudu.

“Baba, na kawo bugu.”

Ya shafa shaddar da bayan hannu, ya murza gefenta, ya ɗaga ta ga haske. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Tana da maɓalli?”

“Babu ko ɗaya, Baba.”

“Wuyan fa, a tsaye ake son shi ko a kwance?”

“Yadda ka gani.”

“A sa mata shuni, ko na birni ba su sha?”

“A sa mata.”

Gefen gemunshi ya motsa. Ya ninke rigar, ya kurɓi ruwa ya fesa, ya barbaɗa abin da zai barbaɗa. Ya ce kafaɗar nan ba ta kai rabin riga yanzu, shadda kuma taurin kai gare ta. Sai ya nuna rufin rumfa da haɓa.

“Kai, ɗauko naka.”

Na ɗauko. Ya sha mai har ya yi baƙi, kuma ya fi yadda na san shi nauyi. Na zauna inda nake zama, ramin da gwiwata ta yi a ƙasa ya cike, amma ƙafata ta gane wurin. Baba ya kama babbar rigarshi ya tuɓe ta kai, kamar yadda shike yi kullum kafin aiki, ya rataye. Abin da ke jikinshi daga ciki shamis ce mai dogon hannu, an naɗe hannuwan. Ta tsufa har ana ganin fata ta cikinta, an yi mata faci a kafaɗa. Launin sama da sassafe. Wuyan a kwance. Ƙulle-ƙullen Inna shida, ba wanda ya fashe. Daga baya Rabi ta gaya mani tun Juma'ar da na tahi ya fara sa ta ƙarƙashin riga, inda ba mai gani, kuma ya hana a gaya mani.

Na dubi rigar, na buɗe baki. “Baba, ranar nan da na ce…”

“Rana na yi,” ya ce, ya sauke kulki.

Na sauke nawa. Na farko ya zo a makare, na biyu ma haka, tafin hannuna da ya saba da takarda ya fara zafi tun ba a je ko'ina ba. Can sai abin ya dawo da kanshi, wanga shi sauke, wancan shi ɗaga. Na ji dakan Inna ya tsaya cikin gida, bai kuma ci gaba ba. Wani masunci da ke kusa da gaɓa ya ɗago kai daga gorarshi ya dubo rumfar. Baba ya ƙara sauri kaɗan, da kafaɗar tashi mai ciwo, shi ga ko zan kamo shi. Na kamo shi.

Da babbar rigar shaddar nan na tsaya ranar suna, shuni a wuyana, ban goge ba. Ba a ɗauki hoto ba, mai hoton bai zo ba. Shi ya sa wanda ke bango shi ne na aro, ku bar shi nan ku ci gaba da dariyarku. Amma in ɗiyanku sun tambaya, ku ce musu akwai wata rigar.

Kai kuma babbansu, mai sunan Baba, da kake ce ma ƙannenka wai ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa cewa ka yi daidai ba: kulakan nan biyu na cikin adakata, ƙarƙashin shamis ɗin. In ka zo salla, kada ka sa kaya masu kyau.